Amsoshinku na wannan makon: kunfu, baƙin bel da kuɗin aljihunku

Wannan makon kusan duk saƙonnin da suka shigo a kan abu ɗaya suke, wato faɗan da ake gani a talabijin da masu son su koya. Toh bismillah.

Wani saurayi daga Gusau ya ce tun yana ƙarami yake kallon Bruce Lee, yanzu ya ga ana tallar sandunan nan guda biyu masu sarƙa a tsakani a Facebook, wai in ba shi shawara na katako zai saya ko na ƙarfe.

Ko ɗaya kar ka saya. Wanda zai fara shan sandar nan kai ne, a ƙeya ko a gwiwar hannu, kuma in ƴan sintiri suka tare ka da ita da daddare ba wanda zai tsaya jin labarin Bruce Lee. Shi kansa Bruce Lee ɗin shekaru ya yi yana koyo a hannun malaminsa Ip Man a Hong Kong tun yana matashi kafin duniya ta san shi da finafinan faɗa. Ka riƙe kuɗinka.

Wata uwa daga Kaduna ta rubuto hankalinta a tashe. Ɗanta mai shekara tara ya kamu da finafinan Chanis masu fassarar Hausa da kuma resilin, shekaranjiya ya hau kan gado ya diro a kan ƙaninsa har leɓen yaron ya fashe. Tana tambaya ta sayar da talabijin ɗin ne ko ta kai shi inda ake koyarwa.

Hajiya sannu, Allah ya ba ƙaramin lafiya, kuma ki kwantar da hankalinki, yaronki bai lalace ba, ƙarfi ne ya yi masa yawa ga kwaikwayo irin na yara. Kar ki sayar da talabijin, in kin sayar gidan maƙwabta zai tafi ya kalla inda ba idonki. Ki zaunar da shi ki nuna masa yadda ake haɗa faɗan, akwai bidiyoyin bayan fage da yawa a YouTube, zai ga igiyar da ake ɗaura wa jarumi kafin ya tashi sama, zai ga katifun da aka shimfiɗa a ƙasa, zai ga naushin ma ba ya taɓa fuska, ƙarar nan ta "dush" daga baya ake saka ta. Ki faɗa masa Jackie Chan da duk ƙwarewarsa ya taɓa faɗowa daga bishiya wurin ɗaukar fim ƙashin kansa ya tsage sai da aka yi masa tiyata. Bayan nan in da hali ki kai shi judo, don su abin da suke fara koya wa yaro shi ne yadda zai faɗi ƙasa ba tare da ya ji ciwo ba, kuma malamin kirki ranar farko yake kafa doka cewa ba a gwada komai a kan ƴan gida. Ki leƙa filin wasa na Ahmadu Bello ki tambayi ɓangaren hukumar wasanni ta jiha. Ki je da kanki ki zauna ki kalli darasi ɗaya har ƙarshe kafin ki biya sisi. Kayan sawa kuma ki dakata tukuna, wando da riga na gida sun isa wata ɗaya, yara da yawa sati biyu suke yi zafin ya huce.

Sai wani ɗalibi daga Kano. Ya ce akwai wani "masta" a unguwarsu da ya yi masa alkawarin baƙin bel, wato ɗamarar da ake ba wanda ya ƙware a wasan faɗa, cikin wata uku in ya biya dubu sittin, har da satifiket mai rubutun Chanis da hatimi. Wai ya biya gaba ɗaya ko ya nemi a raba masa biyu.

Ƙanena, wallahi wannan saƙon naka shi ya fi tsaya min a rai, don ba kai kaɗai ba ne. Kar ka biya, ko gaba ɗaya ko rabi ko kwata. Bel ɗin nan fa tsumma ne, duk telan da ke bakin Kantin Kwari zai ɗinka maka shi kafin ka gama shan pure water, satifiket kuma duk mai kwamfuta da firinta zai buga maka da rubutun da kai ba ka iya karantawa shi ma mastan bai iya ba. A makarantun karate da tekwando na gaskiya mutum kan yi shekara uku zuwa biyar yana zuwa ba fashi kafin a fara maganar baƙin bel, daga fari ake farawa ana hawa mataki mataki kowanne da jarrabawarsa. A tekwando takardar da duniya ta sani daga Kukkiwon take fitowa, hedikwatarsu da ke birnin Seoul a Koriya ta Kudu, tana da lamba ana iya dubawa, kuma yaron da bai kai shekara 15 ba ma ba sa ba shi cikakken matsayin manya. To kai wa ya gaya maka wata uku? Fim ne ya ɓata mana lissafi. A fim bos ya kashe malamin jarumi, jarumi ya hau dutse ya yi ta ɗibar ruwa da dukan itace ana kiɗa, minti biyar ya sauko ya gama da mutum arba'in. Amma Jet Li tun yana wajen shekara takwas yake atisaye a Beijing, Jackie Chan shekara goma ya yi a makarantar horo tun yana yaro ƙarami, wannan ɓangaren ne ba a nuna mana.

Kuma abin da ya fi ba ni tsoro ba dubu sittin ɗin ba ne, duk da a wannan marrar dubu sittin ba wasa ba ce. Na taɓa tsayawa a wani fili da yamma ina kallon irin wannan mastan, ya jera yara kusan ashirin a kan tsakuwa ba tabarma ba komai, yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana nausar cikinsu wai yana ƙarfafa su, wani yaro siriri ya durƙusa yana riƙe da ciki hawaye na zuba, shi kuma yana ce masa namiji ba ya kuka. Daga nan ya ɗauko bulo ya ce su sara da gefen hannu. Wannan ai zalunci ne, iyayen yaran kuma suna gida suna murna ɗansu na koyon kare kai. Sannan yaron da aka ɗaura wa baƙin bel na bogi zai fita yana jin shi wani ne, ranar da ƴan ƙwacen waya suka tare shi maimakon ya miƙa wayar ya tsira sai ya gyara tsayuwa irin ta fim, su kuma wuƙa ce a hannunsu. Duk malamin gaskiya da na sani abin da yake faɗa wa ɗalibansa shi ne in ka ga makami ka ba da abin da aka nema ka gudu.

Don haka kafin ka ba kowa kuɗi ka tambaye shi waye malaminsa, a ina ya yi jarrabawa, yana da rajista da ƙungiyar wasan ta jiha ko babu, ɗalibansa sun taɓa zuwa gasa? In ya fara fushi ko ya ce sirri ne, ka sa takalminka. Ka je filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata ka tambaya, ka biya wata-wata, kar ka taɓa biyan kuɗin shekara a dunƙule.

Wata ƴar makaranta daga Maraɗi tana son tekwando amma tana jin nauyi, tana tsoron za a ce ta cire hijabi, kuma gida za su ce wasan maza ne.

Ƙanwata kar ki ji komai, dokar wasan ta yarda da ɗankwali a ƙarƙashin hular kariya. Hedaya Malak ta Masar da kanta a rufe ta ci tagulla a gasar Olamfik ta Rio a 2016, ta sake ci a Tokyo. A Rio ɗin nan dai ɗan ƙasarku Abdoulrazak Issoufou Alfaga ya ciyo wa Nijar azurfa, a 2017 kuma ya zama zakaran duniya, don haka in kin kawo sunansa a gida ba baƙon abu kika kawo ba. Ki nemi wurin da akwai mata a aji, in malama ce ma ya fi, ki roƙi Mama ko yayanki su raka ki ranar farko su gani da idonsu. Kar ki yi a ɓoye, ko da zai ɗauki lokaci kafin su yarda.

Wani daga Jos yana tambaya a kan safar dambe ta gwanjo da buhun duka, wai zai cika shi da yashi.

Safar gwanjo in fatar ba ta fashe ba kuma soson ciki bai mutu ba ta fi sababbi da yawa da ake manna wa sunan babban kamfani, matsa ta da babban yatsa, in ka ji ƙashin hannunka ta ciki ka ajiye. Ka shanya ta a rana sosai. Robar kare haƙori kam sabuwa za ka saya, wannan ba a gwanjonta. Buhu kuma kar ka cika shi da yashi zalla, yana daskarewa a ƙasa ya zama kamar dutse ya lalata maka wuyan hannu, je wurin tela ka roƙi ƙyallaye ka danna su da kyau, kuma ka naɗe hannu da bandeji kafin ka fara.

Na ƙarshe ya ce tsakanin ɗan dambe da ɗan karate wa zai kashe wani, kuma ina zai samu layar da duka ba ya shiga.

Ta farkon ka kai ta majalisa ku yi musu, nan shawarar saye muke bayarwa. Ta biyun kuma ka je gidan dambe ranar wasa ka ƙirga masu laya a damtse da ake kwasa daga ƙasa, in ka dawo ka sake rubuto min.