Ɗana yana kan allurar hana daskarewar jini: har yaushe, kuma babu na sha?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara 6 ya kwanta a asibiti, aka zura masa siririyar roba a babbar jijiya ta wajen wuya don ba shi magani. Bayan 'yan kwanaki hannunsa ya kumbura, aka yi sikanin aka ce jini ne ya daskare a jijiyar. An sallame mu da allurar enoxaparin safe da dare, ni nake yi masa. Yau mako 3 ke nan, kumburin ya sace, shi kuma da ya hango sirinji sai kuka. Zan iya dakatawa? Babu na sha? Kuma ƙanwarsa tana buƙatar maganin rigakafi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Uwa ta riƙa soka wa ɗanta allura sau biyu kullum yana kuka, ba ƙaramin abu ba ne. Amma don Allah kada ki dakatar da ita sai likitan da ya rubuta ya ce a dakata.

Dalili shi ne, allurar ba ita ke narkar da gudan jinin ba. Aikinta ta hana shi ƙaruwa, ta hana wani sabo fitowa, ta rage haɗarin wani ɓangare ya ɓalle ya bi jini zuwa huhu. Jikin yaron ne da kansa yake cinye gudan a hankali, cikin makonni. Sau da yawa kumburi yakan sauka ne saboda jini ya samu ƙananan hanyoyin da zai kewaye wurin da ya toshe, alhali gudan yana nan. Ido ba ya gane wannan, sikanin ne ke nunawa.

Abin da ya same shi kuwa, shi ne aka fi gani. Daskarewar jini ba ta da yawa a yara, kuma idan ta zo, ta fi zuwa wa jarirai 'yan ƙasa da shekara 1 da kuma matasa. Babban musabbabinta shi ne irin wannan roba, domin tana gogar bangon jijiya kuma tana rage gudun jini. Sai ciwon zuciya na haihuwa, sankarar jini, ciwon ƙoda mai zubar da furotin a fitsari, sikila, zazzafar cutar da ta shiga jini, babbar tiyata, da ƙwayoyin da ke ɗauke da sinadarin estrogen ga 'yan mata.

A yara nauyi ake bi, ba shekaru kaɗai ba. Wanda ya wuce wata 2 akan fara masa enoxaparin da miligiram 1 a kan kowane kilo, duk awa 12. Yaro mai kilo 20 ke nan zai fara da miligiram 20. Jaririn da bai kai wata 2 ba yakan buƙaci fiye da haka, miligiram 1.5 a kan kowane kilo, saboda jikinsa yana saurin fitar da maganin. Wannan mafari ne kawai. Daga nan sai a ɗebi jini awa 4 zuwa 6 bayan allura a yi gwajin anti-Xa, wanda ke auna ƙarfin maganin a jini, ana neman ya tsaya tsakanin 0.5 da 1.0, a ƙara ko a rage. Saboda haka adadin da aka rubuta wa ɗanki shi ne abin bi, ba lissafina ba. Ƙoda ce ke fitar da maganin, don haka a san lafiyar ƙodarsa, kuma a riƙa auna nauyinsa duk zuwa asibiti.

Game da kukan, akwai dabaru. Ki ɗora ƙanƙara a nannaɗe cikin tsumma mai tsabta na ɗan lokaci kafin allurar, ko ki nemi a rubuta miki man da ke kashe zafin fata. Ki tattaro fatar cinya ko ta gefen ciki, nesa da cibiya, tsakanin yatsu biyu, ki soka, ki tura a hankali. Bayan kin zare ki danna wurin da auduga, kada ki murza, murzawa ce ke sa jini ya taru ya yi baƙi. Ki riƙa sauya wuri, yau dama gobe hagu. Kuma ki bar shi ya zaɓi wurin da kansa. Yaran da aka ba wannan 'yar dama sun fi haƙuri. Idan lokacin allura ya wuce ki, kada ki haɗa biyu a lokaci guda, ki kira asibiti.

Na sha kuwa akwai, kuma a ganina ya dace ki tayar da maganar a zuwanku na gaba. Tsohon cikinsu shi ne warfarin. Yana aiki, sai dai yana da wahalar saiti a yara. Ba ya kamawa nan take, dole a haɗa shi da allura na aƙalla kwana 5 har gwajin INR, mai auna jinkirin daskarewar jini, ya shiga tsakanin 2 da 3, sannan a ci gaba da ɗibar jini a kai a kai. Zazzaɓi, gudawa, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko sauyin yawan ganyen da yaro ke ci, duk suna iya karkatar da shi, saboda yana aiki ne ta hanyar toshe bitamin K. Duk da haka, yaron da aka sa wa bawul ɗin zuciya na ƙarfe, wato ƙofar da ke hana jini komawa baya, warfarin ne maganinsa.

Sababbin su ne rivaroxaban da dabigatran, waɗanda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince a ba yara a shekarar 2021. Ba sa buƙatar yawan gwajin jini. Ana fara su ne bayan an yi aƙalla kwana 5 ana allura, sharaɗin da ɗanki ya riga ya cika. Rivaroxaban yana da na ruwa, ana sha tare da abinci, kuma nauyi ne ke yanke sau nawa: ƙasa da kilo 12 sau uku a rana, daga 12 zuwa ƙasa da 30 sau biyu, daga 30 zuwa sama sau ɗaya. Ba kowa ya dace da su ba. Mai matsalar ƙoda ko hanta mai tsanani, ko mai cutar garkuwar jiki ta antiphospholipid, akan nema masa wani. 'Yan matan da suka fara al'ada kuma jinin yakan ƙaru musu, ya kamata a faɗa musu tun farko.

Har yaushe? Idan an san musabbabin kuma an kawar da shi, kamar robar da aka cire, an saba yin wata 3. Wani babban bincike mai suna Kids-DOTT da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa ga yara da yawa masu irin wannan, mako 6 ya wadatar, matuƙar sikanin ya nuna jijiyar ba ta toshe gaba ɗaya ba. To kin ga, mai yiwuwa kun riga kun ci rabin tafiyar. Wanda ba a gano dalilin nasa ba yakan yi wata 6 zuwa 12. Maganin da ke fasa gudan kai tsaye, irin su alteplase, ana ajiye shi ne don lokacin da rai ko hannu ko ƙafa ke cikin haɗari, saboda yana iya jawo zubar jini mai tsanani.

Zubar jini ita ce abin da za ki sa wa ido. Ki garzaya asibiti idan haɓo ya wuce minti 10 ana matse hanci bai tsaya ba, ko kika ga jini a fitsari, baƙin kashi kamar kwalta, ko aman jini. Haka idan ya bugu a kai, ko da ya miƙe ya ci gaba da wasa, da kuma ciwon kai mai tsanani ko yawan barcin da ba a saba gani ba. Haki, ciwon ƙirji, ko kumburin ya dawo, su ma ba a kwana da su. Kada ki ba shi aspirin, ibuprofen ko diclofenac; idan zazzaɓi ne ko ciwo, paracetamol. Kada a haɗa masa wani magani, na asibiti ko na ganye, ba da sanin likitansa ba. Duk wanda zai cire masa haƙori, ko ya yi masa allurar cikin tsoka ko wata tiyata, ki sanar da shi tun kafin ya fara. Makaranta da wasa babu laifi, ban da kokawa da hawa sama.

Ƙanwarsa ba ta buƙatar komai. Ba a ba lafiyayyen yaro maganin rigakafin daskarewar jini, haɗarin ya fi amfanin. Ana ba da shi ne ga zaɓaɓɓun yara, kamar waɗanda aka yi wa wasu tiyatocin zuciya, ko matashin da ke kwance ba motsi kuma dalilai da dama suka taru masa. Idan dai akwai wani a danginki ko dangin mahaifinsu da jini ya taɓa daskare masa yana da ƙuruciya, ki faɗa wa likita, domin a nan ne ake duba ko akwai buƙatar gwajin gado. Shi kuma ɗanki, duk ranar da za a sake kwantar da shi ko a sake sa masa irin wannan roba, ki ambaci abin da ya faru tun a ranar farko.