Jona ampilin bas da miksa: amsoshin wasiƙunku

Wani matashi daga Bukoki a Yamai, mai kaɗa gitar bas a bukukuwan aure, yana tambaya: ampilinsa yana da rami a baya da aka rubuta "Speaker Out", ko zai iya jawo waya daga nan zuwa miksar mai sono?

A'a, ƙanena, kuma wanda ya ba ka wannan shawara ka daina bin sa. Ramin nan na bafal ne kaɗai. Ampili mai wat 300 a kan bafal mai om 4 yana fitar da kusan volt 35, alhali mashigar layi ta miksa volt ɗaya da ɗan abu take jira. Ka ƙona wa mutum layin miksarsa ranar biki, wa zai biya? Nemi rami mai ƙafa uku da aka rubuta "DI Out", ka sa wayar XLR, wato irin wayar makirufo mai ƙafa uku. In da maɓallin "Pre/Post", bar shi a "Pre", don in ka murɗa ampilinka kada sautin wurin jama'a ya canza. In babu ramin, sayi akwatin DI, wato ƙaramin akwatin da ke daidaita sautin gita don ya shiga miksa: gita ta shiga akwati, "Thru" ya tafi ampili, XLR ya tafi miksa.

Hajiya daga Tawa ta rubuto cikin damuwa. Da kuɗin adashi ta saya wa ɗanta ampili, ga shi da an jona shi da sono sai bafal ya riƙa gurnani, tana tsoron an cuce ta.

Kwantar da hankalinki, Hajiya, mai yiwuwa lafiyar kayan ƙalau. Yawanci gurnanin nan yana zuwa ne idan ampili da miksa suna shan wuta daga wurare daban-daban. Ɗanki ya danna maɓallin "Ground Lift" a bayan ampili ko a akwatin DI, kuma su ɗauki wuta daga soket guda. Abin da zan roƙe ki shi ne kada ki yarda wani ya cire ƙafar ƙasa ta filogi wai don a kashe ƙarar. Wutarmu volt 220 ce, igiyoyin gita kuwa ƙarfe ne a hannun ɗanki. In da gurup, wato janareta, za su yi wasa, sai gurup ɗin ya tashi ya daidaita kafin a kunna ampili, bafal kuma shi ne na ƙarshe a kunnawa, na farko a kashewa.

Wani kuma daga Wadata ya ce ya ga wayar XLR ta jaka ɗaya da rabi, me zai sa ya sayi mai tsada?

Nan ne raina yake ɓaci. Mutum zai tara jaka ɗari biyu ya sayi ampili, ya ɗinka sabuwar shadda don hawa dandamali, da an zo kan waya sai ya fara kukan talauci. Wayar nan ita ke ɗauke da sautinka gaba ɗaya. Wasu daga cikin masu arhar nan ba jan ƙarfe ba ne a ciki, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Kwance kan wayar a gaban mai shago, ka kankare silin da wuƙa: in fari ya fito, ajiye masa kayansa. Duba ragar da ta naɗe silin ma. Ta kirki a cike take, ta jabu ƴan zarurruka ne kamar gemun ɗan akuya, kuma ta nan ƙarar babur da ta wayar salula ke kutsowa. Ana buga sunan kamfanin Neutrik a kan kawunan wayar da ba nasa ba ne, ana buga Shure a kan makirufo marar nauyi. Har akwatin DI ana jabunsa: wanda ba ya cin wuta dole a sami ƙaramar taransifoma a ciki, in ka ɗaga ka ji fayau, ka ce a buɗe. Mai shagon da ya hana ka gwadawa, ko a Katako yake ko a Babbar Kasuwa, wuce gaba. Kuma kada ka ja wayar gita ta jak mita ashirin zuwa miksa. Da ta haura mita biyar ko shida sautin ya fara dushewa. Nisa aikin XLR ne.

Mai tambaya ko a kafa makirufo gaban bafal kawai: ana yi, amma sai da wanda aka ƙera don sauti mai zurfi, irin AKG D112 ko Shure Beta 52A. Na waƙa zai kwaso ganga da ihun jama'a.

Shi kuwa mai son ƙara wat don ya danne mai ganga, ba ni da ampilin da zan ce ka saya. Rage naka ya ishe ka ji kanka a dandamali, ka bar wa mai sono sauran.