Yaya Malam, ga dalilin da ya sa muke kai yara kallon zane

Assalamu alaikum, Yaya Malam. Ina gaisuwa, da fatan iyali da ɗalibai duk suna lafiya. Tambayarka ta iso, kan hotunan yaranmu da ka gani a gidan zane-zane na Washinton: me ya kai 'ya'yan Musulmi ɗakin da aka rataye surorin mutane, ko kuwa mun fara sakin layi ne? Tambaya ce mai kyau, kuma ba kai kaɗai ke yin ta ba, shi ya sa zan amsa a inda wasu ma za su gani.

Mu da ke zaune a Merilan da kewayen Washinton, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan zangon Ghana, idan makarantu suka yi dogon hutu iyalai kan haɗu su nufi gidajen tarihi da zane-zane na Smithsonian. Shiga kyauta ne. Mata su riƙo abinci, a ci a kan ciyawar babban filin da ke gabansu, a shimfiɗa darduma a yi azahar a nan, sannan a koma ciki.

Abin da ba a hangowa daga gida shi ne, ɗan da ka haifa a nan, da zarar ya taka waje ba mai ce masa Bahaushe. Malamin aji da ɗan sanda da mai ɗaukar ma'aikata, duk baƙar fata suke gani. Tunda da waɗannan mutane za a lissafa shi, dole ya san abin da suka sha, kuma da yawan wannan tarihi masu zanensu ne suka ajiye shi a jikin bango.

Wanda na fi kai yarana wurin aikinsa shi ne Jacob Lawrence, mai zane baƙar fata. A 1941, yana ɗan shekara 23, ya kammala zane 60 a kan ƙananan katako, kowanne bai fi allon almajiri ba, yana ba da labarin ƙaurar baƙaƙen fata daga kudancin Amurka zuwa arewa. Mutum kusan miliyan 6 ne suka tashi tsakanin 1910 da 1970. Ƙwaro ya cinye musu auduga, ambaliya ta ci gonaki, ana kashe su ba shari'a, ga kuma masana'antun arewa na neman ma'aikata lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Iyayen Lawrence ma cikin masu ƙaurar suke. Yadda ya yi aikin abin sha'awa ne: ya jera katakon duka, ya ɗauki launi ɗaya ya bi su kaf da shi, sannan ya ɗauki na gaba, don kada launin wani ya saɓa da na wani. Daga baya aka raba su biyu, masu lamba mara suna gidan zane na Phillips a Washinton, masu lamba cika suna gidan zane na MoMA a New York. Phillips kam sai an biya, amma kuɗin bai taɓa yi mini ciwo ba.

Na farkonsu tasha ce cike maƙil da mutane, suna tururuwa ta ƙofofi uku da aka rubuta wa Shikago da New York da St. Louis, ba a ko ganin idanunsu. Na 15 reshen itace ne, igiyar rataya na lilo a jikinsa, wani mutum na zaune a dunƙule ya juya baya. Ba gawa, ba jini, amma a gaban wannan ne 'yata ta riƙe hannuna tana tambaya wa aka rataye, kuma me ya yi. Na 49 ɗakin cin abinci ne a arewar da suka gudo, an gitta shinge a tsakiya, farare gefe, baƙaƙe gefe. A nan nake gaya wa yara cewa jikokin mutanen nan ne suka sha duka da ɗauri har aka yi dokar 'yancin jama'a ta 1964, shekara ɗaya bayanta kuma aka sauya dokar shige da fice da ta daɗe tana fifita Turawa. Ta ƙofar da suka buɗe muka shigo, kuma ba na son ɗana ya tashi yana raina su, kamar yadda wasu baƙi 'yan uwanmu ke yi. Shi Lawrence ɗin ma ya zo Najeriya a 1962, ya nuna aikinsa a Legas da Ibadan, ya dawo da matarsa a 1964 suka yi watanni yana zana kasuwanni.

Akwai wani zanen da na tabbata zai taɓa ka. A gidan zane na Filadelfiya akwai hoton wani dattijo, Yarrow Mamout, wanda Charles Willson Peale ya zana a 1819. Bafillace ne Musulmi, an kawo shi Merilan a matsayin bawa a 1752, ya shekara 44 cikin bauta kafin ya sami 'yanci. Ya iya rubutun Arabiyya, ya tara kuɗi ya mallaki gida a unguwar Georgetown da ke Washinton. Peale ya rubuta cewa ana jin sa a kan titi yana yabon Allah, ba ya cin alade, ba ya shan giya. Ga shi nan da hular saƙa da kwat mai kauri, yana murmushi, ka rantse wani tsohon unguwarmu ne. Yaron da ake ce wa addininsa baƙo ne a ƙasar nan, ya ga wannan fuska, ya sami abin faɗa.

Batun hukuncin hoton mai rai kuwa, kanmu ba a haɗe yake ba. Akwai magidantan da ba sa shiga ɗakin da ke da surar mutum ko kaɗan, kuma ba mai tsangwamar su. Su sukan tsaya wurin irin aikin Alma Thomas, malamar makaranta a Washinton wadda sai da ta yi ritaya a 1960 ta duƙufa ga zane. Nata ɗigo-ɗigon launi ne jere-jere, ba mutum ba dabba, kuma a 1972 ta zama baƙar mace ta farko da gidan zane na Whitney a New York ya ware wa nuni ita kaɗai. Ni ina shiga, don ina ganin kallon ɗaukar darasi daban yake da girmama sura. Abin da muka haɗu a kai shi ne, babba kan duba taswirar gidan tun daga ƙofa, a kauce wa ɗakunan da ke da tsiraici, kuma ba ma sayo surorin mu rataye inda muke salla.

Kai ne malami, Yaya. Ka rubuto mana abin da malamanmu na Malikiyya suka faɗa kan bambancin zanen da ke shafe a bango da mutum-mutumi mai inuwa, zan karanta wa jama'a ranar taronmu na wata. Idan kuma an sami mai tahowa, a aiko mana da allon zayyana guda, don makarantar ƙaramin ta ce kowane yaro ya kawo aikin hannu na ƙasar iyayensa. A gaida Inna da kowa da kowa.