Yaushe aka fara bikin baje kolin fasaha na Venice, kuma me ya sa ƙasashe ke da rumfuna a can?

Mai tambaya, bikin nan da ake kira Biennale ya tsufa. An buɗe shi ne a 1895 a birnin Venice na Italiya, bayan majalisar birnin ta yanke shawarar shirya baje kolin zane-zane don taya Sarki Umberto na Italiya da matarsa Margherita murnar cika shekara 25 da aure. Tun daga nan ake yin sa shekara biyu-biyu, sai dai yaƙin duniya na ɗaya da na biyu sun dakatar da shi.

Maganar rumfuna kuwa, Beljiyam ce ta fara gina tata a 1907 cikin lambun Giardini, sauran ƙasashe suka bi sahu, akasarinsu na Turai. Lambun ya kusan cika tuntuni. Shi ya sa galibi ƙasar da ta zo daga baya sai dai ta kama haya, ko a Arsenale, tsohuwar ma'aikatar ƙera jiragen ruwa, ko a wani tsohon gida cikin lungunan birnin, inda sai ɗan kallo ya sha yawo kafin ya gano ƙofar. A ganina wannan rabon bai yi wa Afirka adalci ba.

Duk da haka Angola ta ci kyautar Zakin Zinare ta rumfar ƙasar da ta fi fice a 2013, a zuwanta na farko ma. A 2015 Okwui Enwezor, haifaffen Kalaba, ya zama ɗan Afirka na farko da ya jagoranci babban baje kolin, Najeriya kuma ta buɗe rumfarta a 2017.