Ina ake samun rangwame a kayan haɗa jirgin sama a gida?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kamfanoni irin su Van's da Zenith na Amurka suna rage farashi idan an taya. Gaskiya da wuya, farashinsu a rubuce yake. Wani lokaci ana samun ɗan ragi a taron baje kolin jiragen sama na garin Oshkosh a Amurka, na ƙarshen Yuli, galibi a kan na'urorin gaban matuƙi da kayan aiki.

Arahar tana wajen wanda ya fara haɗawa ya gaji, kayan suna zaune a gareji. Duba tallace-tallacen Barnstormers, shafin intanet na saye da sayar da jirage da kayansu. Amma kada ka biya ko sisi sai ka je da wanda ya taɓa haɗa irin jirgin. Ku ƙirga kayan ɗaya bayan ɗaya da takardar jerin kamfani, ku duba tsatsa, musamman inda gorar ruwa, wato alminiyum, ta daɗe cikin ledarta a wuri mai laima. Idan RV ne, wato jirgin kamfanin Van's, da aka saya a 2022 ko 2023, tambayi ko akwai sassan da aka yanka da leza, domin wasunsu sun tsage a bakin ramukan ƙusa. Duk aibin da ka gani, yi lissafin kuɗin maye gurbinsa da na dako, ka cire daga tayinka.

Karɓi littafin aikinsa da hotuna. FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, tana son shaidar cewa masu sha'awa ne, ba ma'aikatan da aka biya ba, suka yi fiye da rabin aikin.

Injin Lycoming da ya shekara goma sha biyu, ko bai yi aiki ba, kamfanin ya ba da shawarar a yi masa garambawul. Kada ka saye shi da farashin sabo.