Zauren Gwaggo: "Shekara tara rabona da barcin dare"

TAMBAYA

Assalamu alaikum Gwaggo. Daga Ƙauran Namoda nake rubuto miki. Ɗana na fari, ki yi mini uzuri ba zan kama sunansa ba, shekararsa tara. Yana da kwana uku a duniya shawara ta kama shi, idonsa ya koma kamar kwaiduwa. Aka ce a riƙa shanya shi a hantsi, aka yi ta ba shi jiƙo. Kafin mu kai shi Gusau ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwa. Yau ba ya zama da kansa, ba ya magana, ba ya riƙe cokali, ga farfaɗiya. Ni ke ba shi abinci, ni ke yi masa tsarki, ni ke juya shi cikin dare. Yana da ƙanne uku. Maigidana direban babbar mota ne, kwana biyu a gida, mako guda a hanya. Da mahaifina ya rasu a Shinkafi, ranar na je ranar na dawo. Makon jiya yaron ya furzo mini kunu a fuska har sau uku, na daka masa tsawa, na girgiza kafaɗunsa, sannan na shige bayi na yi ta kuka. Wata 'yar uwata da ke karatu a Ingila ta ce can akwai masu karɓar irin yaran nan na kwana ɗaya ko biyu don uwa ta huta. Gwaggo, neman hutu daga ɗan da Allah Ya ba ni ba butulci ba ne? Kuma wa zan bar wa shi, alhali ba wanda ya iya shi sai ni?

Wata uwa, Ƙauran Namoda

AMSA

Wa'alaikis salam ɗiyata. Sannu da ɗawainiya, Allah Ya saka miki da gidan Aljanna.

Girgizar nan zan fara da ita, don ita ta tsaya mini a rai. Ba zan ce miki ba komai ba, akwai komai. Amma na gode Allah da kika faɗa, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Hannun da ya shekara tara yana lallaɓa yaro, ranar da ya girgiza shi, gajiya ce ta kai maƙura. Daga yau, duk sa'ad da kika ji hannunki ya yi zafi, ki kwantar da shi ta gefe a kan katifarsa, ki ajiye kofin, ki fita tsakar gida ki yi alwala. Kunu zai jira minti goma.

Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin yara kafin in ajiye. Akwai abin da na yi ta gani har na daina mamakinsa. A kawo yaro irin naki, a ba shi gado, a sa masa ruwa. Uwar ta shimfiɗa zanenta a ƙasa, a kan sumunti, ƙarƙashin gadon, ga sauro, ga kukan yaran wasu, ga fitila a kunne. Kafin mu gama rubuta kati ta yi barci irin wanda sai an taɓa ta sau uku take motsawa. Sababbin ma'aikata har tsaki suke yi, wai ɗanta ba lafiya tana sharar barci. Ni nakan ce su ƙyale ta. Wannan ne dare na farko cikin shekaru da ta san akwai wani ido a kan ɗanta ban da nata. Wata ma da aka sallame su sai ta kama gefen rigata ta ce, "Sista, ba za a ƙara mana kwana ɗaya ba?" Yaron ya warke sarai. Ita ce ba ta gama barci ba.

To batun butulci. Kin san labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i, yana cikin Bukhari. Abud Darda'i ya duƙufa azumi da tsayuwar dare har iyalinsa ta fita hayyacinta, Salmanu ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowa nasa. Da maganar ta kai ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Salmanu ya yi gaskiya. In har ibadar nafila aka ce a sassauta saboda haƙƙin jiki, ina ga jinyar da ba ta da ranar ƙarewa? Ki cire wannan daga ranki. Ba zan ƙara ɓata tawada a kansa ba.

Abin da 'yar uwarki ta faɗa gaskiya ne. A Ingila tun 2011 akwai ƙa'idar da ta wajabta wa ƙananan hukumomi su tanadar wa masu kula da yara masu naƙasa gajeren hutu: wani a turo masa mai taimako gida na 'yan awoyi, wani a karɓi yaron da rana, wani a kwana da shi. Mu tamu dokar ita ce ta hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, aka kafa mata hukuma ta ƙasa a 2020. Ta yi maganar ilimi kyauta har sakandare, ta yi maganar lafiya, da gyara gine-gine don keken guragu ya shiga, da kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Duka haƙƙin ɗanki ne, ki san da su. Amma barcin da kike nema na wannan makon ne, kuma daga cikin danginki da unguwarku zai fito.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne. Kin ce ba wanda ya iya shi sai ke. Gaskiya ne, kuma wannan gaskiyar ce igiyar da ta ɗaure ki. Shekara tara baya ke ma ba ki iya shi ba. A hankali kika gane cewa in ya karkatar da kai hagu yana gurnani ƙishirwa ce, in ya sanƙare ƙafafu ya jiƙe ne. Kin tara wannan ilimi a ƙirjinki ke kaɗai. Na kuma san halinmu mu iyaye mata: wata ta ɗauki cokali za ta gwada, ya ƙware sau ɗaya, sai ki fizge ki ce "kawo, ba za ki iya ba." Ita ma dama tsoro take ji, ta samu mafita. Daga ranar ba ta ƙara tayi ba, ke kuma kika rubuta a ranki cewa ba mai taimako.

Ki zaɓi mutum biyu da sunansu. Ban ce ki yi shela a dangi ba. "In kina buƙatar wani abu ki faɗa" gaisuwa ce kawai, kamar "ina gajiya," ba wanda ya taɓa hutawa da ita. Ki je wurin yayarki, ko ƙanwar mijinki, ko wata dattijuwa maƙwabciya da 'ya'yanta suka tasa, ki ce, "Yaya, ina so ki riƙe mini shi ranar Talata daga azahar zuwa la'asar, kowane mako." Da rana, da lokaci, da iyaka. Mutane sun fi amsa roƙon da suka ga ƙarshensa.

Sai ki koya mata yadda muke koya wa ɗalibai a asibiti. Zuwan farko ta zauna ta kalla. Ki nuna mata yadda kike jingina shi a zaune, kai ya ɗan sunkuyo gaba, don in kai ya koma baya abinci hanyar numfashi yake bi. Ki nuna mata kaurin kunun, tunda tsinkakke ya fi saurin ƙware irin yaran nan. Rabin ƙaramin cokali, a ɗora a tsakiyar harshe, a jira a ga maƙogwaro ya motsa kafin a ƙara na gaba. Bayan ya gama a bar shi a zaune kamar rabin awa. Zuwa na biyu ita za ta yi, ke kina gefe, hannuwanki a ƙarƙashin cinyarki, bakinki a rufe sai in dole. Zai yi tari, zai ɓata mata zane, ki daure. Zuwa na uku ki koma ɗaya ɗakin ki ja labule. Na huɗu ki sa hijabinki ki bar gidan, domin muddin kina jin motsinsa ba za ki huta ba.

Ki sa a rubuta takarda a manna a bango saitin gadonsa, da boko ko da ajami, wanda mai riƙon ta fi iya karantawa: sunan maganin farfaɗiyarsa, adadinsa, ƙarfe nawa ake ba shi, juyi duk awa biyu don kada kwanciya ta ci masa fata a ƙugu da diddige, sai lambar wayarki da ta wani mai babur da kuka amince da shi. Maganin farfaɗiya ba a tsallake shi ko sau ɗaya, ki nanata mata wannan.

Maigida kuma. Na san tuƙi wahala ne, na san halin da hanyoyinmu suke ciki, mutum ya dawo gida da ransa ma abin godiya ne. Duk da haka, cikin darare biyun nan ɗaya nasa ne. Ki faɗa masa da lafazi mai daɗi bayan ya ci ya ƙoshi, amma ki faɗa. Akwai dalilin da ba zai iya musawa ba: yaro namiji ne, nan da shekara huɗu ko biyar zai balaga, nauyinsa zai fi ƙarfin bayanki, wankansa da tsarkinsa za su fi dacewa da hannun uba. Gara ya koya yanzu yaron yana da sauƙin ɗauka. In kunya ta hana ki, ki bi ta wurin wansa ko limamin unguwa. Ƙannensa kuwa su yi masa wasa, su kore masa ƙuda, su kira ki in ya motsa. Kada dai a wayi gari an cire wata daga makaranta ta zama uwa ta biyu.

Ba ke kaɗai ba ce a jihar nan ta Zamfara, ko kusa. Gubar dalma da ta ɓarke a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ta kashe yara wajen 400, ta bar wasu da taɓuwar ƙwaƙwalwa. Sanƙarau na 2017 ya bar nasa. Doguwar naƙuda da shawarar jarirai kullum suna ƙarawa. Af, masu karatu: jaririn da idonsa ya yi rawaya asibiti ake kai shi a ranar, a sa shi ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske, hantsi da jiƙo ba su isa ba. Ranar da kika kai shi gashi, wato motsa masa gaɓoɓi, a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ki dubi matan da ke kan benci tare da ke, ki tambayi wadda ta fito daga wajenku. Na san wasu mata uku da suka haɗu a irin wannan layi suka ƙulla abin da suke kira adashin hutu. Ba a zuba kuɗi, yini ake zubawa. Ranar Asabar, biyu daga cikinsu su haɗu a gida ɗaya da yaran uku, ta ukun ta kwashe, wato ta tafi abinta har magariba. Su ba sai an koya musu riƙe cokali ba, kuma ba mai ƙyamar yawun ɗan wata.

In ta kama a biya wata ladan riƙo, ki gaya wa masu hali a danginku ƙarara cewa ga inda taimakonsu zai fi amfani, ya fi atamfar Sallah. Ki kuma kai takardar neman tallafi Hukumar Zakka da Wakafi ta jiha, da shaidar mai unguwa da katin asibitinsa.

Akwai hutun da ba na so ki karɓa ko kyauta ne. Wani zai zo ya ce a ba shi yaron ya riƙa fita da shi a baro ranar kasuwa, a raba abin da aka samu. Dokar 2019 ɗin nan ta haramta amfani da mai naƙasa wajen bara, balle yaron da rana kaɗai za ta iya tayar masa da ciwo. Wani zai ce akwai gidan da ake ajiye su har su warke. Ki tuna abin da aka bankaɗo a Kaduna da Daura a 2019, mutane cikin mari. Duk inda ba za ki iya faɗawa ba sanarwa ki ga ɗanki ba, kada ki bar shi a can. Sannan kada wani ya ba ki shawarar ƙara masa magani don ya yi dogon barci, yana iya danne masa numfashi.

Talatar farko da kika samu, na roƙe ki kada ki yi wanki. Ki je ɗakin wata ki kwanta. In an yi wata biyu hannun yayarki ya faɗa, hanya kuma ta yi kyau, ki je Shinkafi ki kwana wurin mahaifiyarki, ku yi zaman da ba ku samu yi ba lokacin rasuwar. Ki rubuto mini bayan nan, ina so in ji wa kika zaɓa.

TAMBAYA

Gwaggo, maƙwabciyata tana da yarinya mai farfaɗiya, ina tausayinta, ina so in riƙa karɓar mata ita ko na awa biyu ne. Amma uwar mijina ta ce in yawun ya taɓa yarana za su ɗauka. Haka ne?

Mai karatu, Argungu

AMSA

Ba haka ba ne, ɗiyata. Farfaɗiya daga ƙwaƙwalwa take tasowa, ba a ɗaukarta ta yawu, ko kwano, ko tabarma. Na share kumfar bakin yara da hannuna ba adadi, ga ni ga jikokina lafiya lau. Ki gaya wa Inna haka cikin ladabi, ki ce wata tsohuwar nas ce ta faɗa.

Ki je ki karɓi yarinyar. In ta faɗi a hannunki, ki janye murhu da duk abin da zai ji mata rauni, ki sa zane a ƙarƙashin kanta, kada ki danne ta, kada ki cusa cokali ko yatsa a bakinta, kada ki ɗura mata ruwa ko manja. Ki dubi agogon waya. Da jijjigar ta lafa ki juya ta ta gefe don yawu ya zubo. In ta wuce minti biyar ba ta tsaya ba, ko ta sake tashi kafin yarinyar ta farfaɗo, a nufi asibiti. Kuma ko kusa kada a bar ta ita kaɗai a bakin rijiya ko gulbi, ku da kuke da ruwa a ƙofar gida.