Kana son sayen bas, alhali ba ka taɓa taka hanyar da kake sayarwa ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina da shago, kuma a ƙarshen mako na fara wata 'yar sana'a: nakan tara mutanen gari, mu hau bas ɗin haya zuwa karkara, su yi tafiyar ƙasa su hau dutse, mu dawo da yamma. Ɗan baffana ne jagora, don a can ya tashi. Fita uku an yi lafiya. A ta huɗu ya kawo sabuwar hanya, ya ce awa uku ce. Bas ta sauke mu ƙarfe 10:20, ta ƙarshe tana wucewa ƙarfe 4, mu kuwa sai wajen 5 muka fito titi. Wayar wani cikinmu ta nuna mun yi kilomita 11 da hawan mita 450. Na yi shatar mota da tsada, na mayar wa wasu kuɗinsu, ribar baya duk ta tafi. Yanzu ina so in ci bashi in sayi tawa bas ɗin, in mayar da abin kamfanin yawon buɗe ido. Me kuka gani?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, ajiye maganar bas tukuna. Motar haya ba ta yi maka laifin komai ba: ta zo a lokacinta, ku ne ba ta tarar ba. Abin da ya kayar da kai yana cikin wasiƙarka, inda ka ce “ya ce awa uku ce”. Ka karɓi kuɗin mutane a kan hanyar da ƙafarka ba ta taɓa takawa ba. A shagonka ba za ka sayi buhu ka sa masa farashi ba tare da ka buɗe ka auna ba, amma a nan ka sayar da yini guda na mutane a kan “an ce”.

Kuma ɗan baffanka bai yi maka ƙarya ba. Akwai tsohon ma'auni da masu hawan duwatsu ke amfani da shi tun 1892, wanda wani ɗan Sukotlan mai suna William Naismith ya fitar: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane hawan mita 600. Gwada shi da taku hanyar. Kilomita 11 ta ba ka awa biyu da minti 12, hawan mita 450 ya ƙara minti 45. Awa uku ke nan ba minti uku, kusan daidai da abin da ya faɗa. Sai dai wannan lissafi na lafiyayyen mutum ne wanda ya saba, yana tafiya shi kaɗai, ba ya tsayawa. Mutanenka kuwa daga ofis da shago suka fito, wani da sabon takalmi, wata da jaka a kafaɗa ɗaya. Ga irin waɗannan sai ka ƙara rabin lokacin, ya zama awa huɗu da rabi. Sa hutun minti goma a kowace awa, sa rabin awa ko fiye na cin abinci, sa wata rabin awar ta ɗaukar hoto a saman dutse, wadda ba mai hana su. Ka haura awa shida. Daga 10:20, awa shida da 'yan mintoci sun kai ka wajen huɗu da rabi. Wato tun kuna saukowa daga mota da safe kun riga kun rasa ta yamma, ba wanda ya sani ne kawai. Ayari ba ya wuce saurin na bayansa, kuma gangara ma ba kyauta ba ce: in ta yi tsauri, ana ƙara minti goma ga kowace mita 300, domin gwiwar wanda bai saba ba a saukowa take ba shi kunya.

Ba banza ba a Suwizalan, inda hanyoyin tafiyar ƙasa masu alama suka kai kusan kilomita 65,000, allunan da ke kan hanya awa da minti suke nunawa. Su ma sun san matafiyi da agogon mota yake rigima.

To ga aikin da ka tsallake, kuma ba wanda zai yi maka shi. Kowace hanya, kafin ka tallata ta, ka bi ta da ƙafarka sau biyu. Ka hau motar da za ku hau, a ranar mako irin wadda za ku fita, ka tafi da mutum ɗaya mafi nauyin jiki da ka sani, ba ɗan baffanka kaɗai ba. Ka riƙe littafi. Ka rubuta ƙarfe nawa mota ta tashi, nawa ta sauke ku, nawa kuka isa kowace alama: gada, mararraba, gindin dutse, ƙolinsa, inda turba ta koma titi. Ka rubuta inda akwai inuwa, inda sabis ɗin waya ya ɗauke da inda ya dawo, inda za a iya yanke hanya a fito titi idan wani ya yi targaɗe, da asibiti mafi kusa. Ka buɗe manhaja irin su OsmAnd ko Organic Maps, waɗanda ke aiki ba intanet in ka sauke taswirar tun daga gida, ta zana maka sawunka. Sa'an nan ka zauna a bakin titi awa biyu da yamma, ka ƙirga motocin da suka wuce da kujerun da ke fanko a kowace.

Wannan zaman na bakin titi shi ne abin da kowa yake ƙyashin yi, kuma a nan aka fi faɗuwa. Ga yadda takan faru. Mutum ya je duba hanya ranar da kasuwar wani gari a yankin ke ci, ya ga motoci suna ta kai da komo, ya koma ya tallata fita ranar hutu. Ranar ya isa titi da mutum goma sha biyu a gajiye, ruwa ya ƙare, rana ta yi ja. Mota ɗaya ta zo bayan awa guda, kujera uku ce a ciki. Ya tura uku, sauran tara suna kallonsa. Direban da ya yarda ya zo daga gari ya san ba wani zaɓi, sai ya yanka kuɗin da ya ga dama. Motar karkara ta mutanen karkara ce. Jadawalinta yana bin kasuwa, makaranta da ranakun aiki, kuma a wurare da yawa tana raguwa ranar hutu, wato ranar da kai kake da buƙata. In kuma irin motar da ba ta tashi sai ta cika ce, to “ƙarfe 4” ba alkawari ba ne, kintace ne, kuma direba ko mai lodi a tasha ne zai faɗa maka gaskiyarta.

Daga littafin nan za ka fitar da dokoki uku, kuma kar ka sassauta su don wani ya roƙe ka. Ta farko, lissafinka ya tsaya kan motar kusa da ta ƙarshe. Ta ƙarshen ajiya ce, ta ranar da abu ya ɓaci. A ce ta kusa da ƙarshe tana wucewa 2:30 kuma an sauke ku 10:20. Kana da awa huɗu da minti goma, cire rabin awa na jira a titi, cire hutu da abinci, tafiyar da ta rage ba ta wuce awa biyu da rabi ba. Wannan kilomita 6 ce da hawan da bai kai mita 300 ba. In kana son mai kilomita 11, sai motar farko ta sassafe. Ta biyu, ka tsayar da lokacin juyawa, ka faɗa wa kowa tun a tasha: ƙarfe kaza muna juyowa, ko mun kai ƙoli ko ba mu kai ba. Za a yi maka ƙorafi, “ga shi nan fa muna gani”, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ta uku, in hanyar ta fara a wuri ɗaya ta ƙare a wani, ka fara daga inda mota ke wuya, ka ƙare a inda take yawa. Da safe kana da ikon agogonka, da yamma ba ka da shi.

Jagora ɗaya ba ya isar mutum goma sha biyu. Ɗaya gaba, ɗaya baya, ba mai wuce na gaba, ba mai zama bayan na baya, kuma a ƙirga kai a kowace mararraba. Ruwa rabin lita ga mutum a kowace awa, ya kusa lita guda in ana zafi, kuma kowace lita kilo ɗaya ce a baya, saboda haka kowa ya ɗauki nasa, ku jagorori ku riƙe ƙarin lita uku ko huɗu. Bandeji, filasta don bororon ƙafa, ƙunshin gishiri da sukari na sha, tocila biyu, batirin cajin waya. In an yi walƙiya kuma tsawa ta biyo kafin ka ƙirga daƙiƙa 30, hadarin yana cikin kilomita 10: a sauka daga kan dutse, kuma kar a fake a busasshen rafi, don ruwan da aka yi can sama yakan sauko ba sallama. Ka kuma tambayi hukumar wurin da masu gonaki ko ana buƙatar izini, ka bincika inshora kafin wani ya karye a hannunka.

Yanzu kuɗi. Mu ɗauka kowa ya biya 100, ko wane irin kuɗi ne. Mutum 12 sun kawo 1,200. Kuɗin mota zuwa da dawowa 20 a kan mutum 14, har da jagorori, 280 ke nan. Jagora biyu 200. Ruwa, magani da izini 120. Talla, kiran waya da kuɗin zuwa duba hanya 100. Sai kashi 15 cikin ɗari, wato 180, da za ka zuba a asusun gaggawa wanda ba ya haɗuwa da kuɗin shago. Abin da ya rage 320. In mutum bakwai ne suka zo, yi lissafin da kanka, za ka ga ba ka tsira da komai ba, har da giɓin 5. Saboda haka takwas ne ƙasan layinka: in kwana biyu kafin fita ba a samu takwas da suka biya kafin alƙalami ba, a ɗage. Shatar mota kuwa, direba zai caje ka kujerunsa duka, zuwa da komawa tunda fanko zai zo, ya ɗora na dare. A wannan lissafin 500 zuwa 600 ba abin mamaki ba ne. Ribar fita biyu ke nan a yamma ɗaya. Na tabbata kuma waɗancan fita ukun da ka ce an ci riba, ba ka rubuta ko ɗaya ba. Abin da ya rage a aljihu kake kira riba.

Bas ɗin da kake mafarki za ta yi aiki kwana huɗu ko biyar a wata, ta yi zaman banza sauran kwanakin, bashi yana tafiya, ga direba, ga taya, ga takardu, ga makaniki. In ka ce za ka sa ta haya a sauran kwanakin, ka shiga sana'ar sufuri ke nan, wadda ba ka sani ba, don ka gyara wadda ba ka gama koyo ba. Kuma ko da bas ɗinka na jira a titi, mutanen da aka ce musu awa uku suka yi shida da rabi ba za su dawo ba, rana ma ba za ta jira ku ba. Duk daɗin wannan sana'a shi ne motar wani ce, man wani ne, kai kujera kawai kake saya. Abin da kake buƙata lambar direbobi biyu ne na yankin, ku daidaita kuɗin shata da rana tsaka, tun ba ka cikin matsi, ka rubuta a littafi.

Ɗan baffanka kar ka kore shi, sanin da ya yi wa wurin da mutanensa ba ka da shi. Amma ka yanka masa ladan kowace fita a fili, kuɗin mota kai za ka biya da hannunka, kuma ba ya ƙara kawo sabuwar hanya a tallata sai kun taka ta tare da agogo. Wata uku masu zuwa ka tsaya kan hanya biyu kacal, gajeru, mutum goma zuwa sha biyu. In ka cika fita goma a rubuce, kowace da lokacin tashi, lokacin fitowa titi, yawan mutane da abin da ya rage, turo mana shafukan mu ga ko akwai hanya ta uku da za a ƙara.